Masu Zanen Ƙasar Tailan da Labarin Talakawanta

Sana'ar zane a ƙasar Siyam, wadda aka sauya wa suna zuwa Tailan a shekarar 1939, a jikin bangon ɗakunan ibada na mabiya addinin Buddha ta yi wayo, a can kuma ta shafe ƙarnuka kafin ta san hanyar makaranta ko ta kasuwa. Mai zane a wancan zamani ma'aikaci ne kamar magini ko masassaƙi, galibi ba ya rubuta sunansa a kan abin da ya yi, domin bisa aƙidarsu lada yake nema, shi da wanda ya ɗauki nauyin aikin. Abin da aka ɗora masa kuwa shi ne ya shimfiɗa wa jama'ar da ba ta iya karatu ba ƙissoshin Buddha, da hikayoyin rayuwoyin da suka ce ya yi kafin haihuwarsa ta ƙarshe, waɗanda adadinsu ya kai 547, ko da yake goma na ƙarshe aka fi zanawa. Aikin yana da ƙa'idoji masu tsanani. Sarakuna da 'ya'yansu da halittun sama ana ƙawata su da ruwan zinariya, fuska ba fushi ba dariya, tsayuwarsu da zamansu irin na masu rawar fada. Amma can ƙasa, a gindin bango da kusurwoyi, inda ƙa'ida ta yi sassauci, sai mai zane ya saki hannunsa ya fito da mutanen da ya sani: mata na daka, masunta na jan taru, barori na gyangyaɗi a ƙofar fada, samari da 'yan mata na zance a bayan katanga. Wanda ya saba da tsofaffin littattafan malamai ya san bambancin matani da hashiya, ya kuma san sau da yawa a hashiya ake gane halin mai kwafe da na zamaninsa. To, a bangon Siyam sarki shi ne matani, talaka kuwa hashiya. Tarihin da nake nufin bayarwa shi ne na yadda talakan nan ya taso daga gefe har ya zama abin zanawa domin kansa, da abin da hakan ya jawo wa masu zanen.

Wannan tsari na bango dokar ƙasa ya kwaikwaya. Tun ƙarni na 15, zamanin sarki Trailok na daular Ayutthaya, aka ƙayyade wa kowane mutum daraja da lamba, ana ƙidaya ta da ma'aunin gona: babban waziri 10,000, talaka ɗa bai wuce 25 ba, bawa 5, da wannan lamba ake auna diyyar mutum da tarar da za a ci wanda ya taɓa shi. Bayan haka ana bin talaka aikin tilas na wata shida a shekara, wanda aka rage daga baya zuwa huɗu, sa'an nan uku, bauta kuwa sai a 1905 sarki Chulalongkorn ya kai ga soke ta. Mai zanen da ke zaune ƙarƙashin irin wannan hukunci ba shi da bakin kai ƙara, iyakarsa ya zaɓi ƙissar da zai zana, zaɓin ƙissa kuwa shi ma magana ce ga mai hankali. A garin Nan, can arewa, akwai ɗakin ibada da ake kira Wat Phumin, wanda aka zana bangonsa a ƙarshen ƙarni na 19, aka cika shi da wata hikaya da ba a cika zanawa ba, ta wani maraya mai yawon neman ubansa, ga kuma Turawa da huluna da jirgin ruwa a gefe. Masanin tarihi David Wyatt ya yi tawilin cewa masu wannan aiki maraicin ƙasarsu suke faɗa, domin a 1893 ne Bankok, wadda suke biya wa gaisuwa don ta kāre su, ta sallama wa Faransa yankinsu na ƙetaren kogin Mekong. Ko tawilin ya dace ko bai dace ba, ya nuna irin karatun da bangon nan ke nema.

Inda al'amarin ya fi fitowa fili shi ne lardin Isan na arewa maso gabas, wanda ya ɗauki wajen sulusin faɗin ƙasar da sulusin jama'arta, ƙasa mai rairayi da gishiri, wadda ruwan samanta ba shi da alkawari, mutanenta kuwa harshensu da abincinsu da waƙarsu sun fi kusa da na Lawos da ke ƙetaren kogi bisa ga na Bankok. Ɗakunan da ake naɗa 'yan zuhudu a ƙauyukan Isan ƙanana ne ƙwarai, ba sa ɗaukar jama'a, a wurare da yawa kuma al'ada ta hana mata shiga. Saboda haka masu zanen ƙauye, waɗanda manoma ne ko 'yan zuhudun garin, sai suka riƙa zana bango ta waje, inda mai wucewa da mai jiran a idar da ibada duk za su gani. Launinsu kaɗan ne, shuni da rawaya da baƙi da jar ƙasa a kan farar ƙasa, suna haɗawa daga itatuwa da ƙasar wurin. Ba ruwansu da zinariya, ba su kuma damu da ƙa'idojin fada ba, har sukan rubuta bayani a gefen hoto da tsohon rubutun yankin domin mai karatu ya karanta wa na kusa da shi. Yawancin waɗanda suka saura daga ƙarshen ƙarni na 19 ne zuwa tsakiyar na 20, kamar na Wat Chaisi da Wat Sanuan Wari a jihar Khon Kaen, da na Wat Photharam a Maha Sarakham.

Hikayar da suka fi so a can ita ce ta Sinsai, wadda ake dangana wa wani mawaƙi Pangkham na tsohuwar daular Lan Xang. Wani dodo ne ya sace ƙanwar sarki. Sarkin ya auri 'yan'uwa bakwai domin ya sami 'ya'yan da za su ƙwato ta; shida daga cikinsu suka haifi 'ya'ya kamar na kowa, auta kuwa da uwargida suka haifi abin al'ajabi: ɗaya ya zo da baka da takobi a hannu, shi ne Sinsai, ɗaya da jikin zaki da kan giwa, ɗaya a siffar katantanwa. Kishiyoyi suka yi makirci aka kori ukun nan da uwayensu zuwa daji. Da lokaci ya yi, su korarrun ne suka ratsa haɗurra suka ci dodon suka ƙwato gwaggonsu, 'yan'uwan nan shida da suka laɓe a baya kuwa suka tura Sinsai daga kan dutse, suka koma fada suka karɓi yabon aikin da ba su yi ba, sai daga baya gaskiya ta yi halinta. Lalle manomin da ya noma, wani ya kwashe, ba ya bukatar mai yi masa sharhin wannan labari. Kusa da shi a bangon akan zana gidajen azaba, inda ake gasa mai danne haƙƙi da mai cin amana, kowa da irin hukuncinsa, ba a kuwa cire masu riguna daga ciki.

Akwai kuma zanen da ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara bayan an gama girbi, wajen watan Maris, ƙauyukan Isan na yin bikin ƙissar Wetsandon, ɗan sarkin da kyauta ta yi wa yawa, wanda ya bai wa maƙwabtan da fari ya dama farar giwar da aka yi imani ita ke kawo ruwa, mutanen garinsu suka fusata aka kore shi zuwa daji, a can ma ya ba da 'ya'yansa biyu ga wani tsohon maroƙi mai suna Chuchok. Ana zana babi goma sha uku na ƙissar a kan dogon yadi, mai tsawon mita gommai, sai jama'a su fita bakin daji ko bakin tafki, maza da mata da yara kowa ya kama gefensa, su ɗauko shi da kiɗa da rawa zuwa cikin gari, wato sun je sun taryo korarren ɗan sarki sun dawo da shi gida. Kashegari 'yan zuhudu su karanta ƙissar dukanta a yini guda. Abin lura a nan shi ne hoton a hannun talakawa yake, su ke biyan mai zanensa, su ke ɗaukarsa, su ke naɗe shi su ajiye sai baɗi. Duk abin da masu zanen zamani suka yi daga baya da sunan kusantar jama'a, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Hukuma ta gane tun da wuri cewa labaran ƙauye ba abin rainawa ba ne. A 1901 da 1902, bayan Bankok ta sauke sarakunan gargajiya na Isan daga ikonsu, ta aiko da ma'aikatanta, ta ɗora harajin kai na baht huɗu da za a biya da tsabar kuɗi a ƙasar da kuɗi bai wadata ba, sai wasu rubuce-rubuce a kan ganyen kaba suka fara yawo daga gari zuwa gari, mawaƙan gargajiya na yankin kuma suna rera su a wuraren taro, cewa wata rana na tafe da tsakuwa za ta zama zinariya da azurfa, azurfa da zinariya su koma tsakuwa, wani adali kuma ya bayyana ya yi mulki. Mutane suka bar gonaki suna tara tsakuwa, wasu suka fito suka ce su ne waɗanda aka yi bushara da su, dubbai suka bi su, har suka kama garin Khemmarat. Sojan Siyam suka tare su kusa da Ubon da bindigogi da igwa, aka kashe ɗaruruwa. Tun daga nan mahukunta suke sa wa mawaƙan Isan ido.

Sa'ad da wannan ke gudana a karkara, a birni sana'ar ta sauya kama. Tun zamanin sarki Mongkut wani ɗan zuhudu mai suna Khrua In Khong ya shigo da dabarar Turawa ta nuna kusa da nesa a hoto. Amma wanda ya kafa zanen zamani a kan ginshiƙi shi ne Corrado Feroci, mutumin Florence ta Italiya, mai ƙera mutum-mutumi, wanda ya zo aikin gwamnati a 1923, ya buɗe makarantar fasaha a 1933, shekara guda bayan juyin da ya rage wa sarki iko, makarantar ta zama Jami'ar Silpakorn a 1943, shi kuwa ya ɗauki sunan Silpa Bhirasri ya zauna har rasuwarsa a 1962. Daga 1949 aka fara baje kolin zane na ƙasa kowace shekara, ana ba da lambobin yabo. Almajiransa, irin su Chalood Nimsamer, sun zana ƙauye da yawa, sun kuwa zana shi da gwaninta: 'yan mata da tulu, manoma da lauje, bukukuwan ruwa, kowa fes, kowa cikin natsuwa. Manomi ya sami shiga tsakiyar hoto ke nan, amma sai da ya ajiye bashinsa da yunwarsa a waje. Ba na ganin laifin kyan waɗannan ayyuka. Abin da ke damuna shi ne a daidai shekarun da ake rataye su a Bankok, fari da bashi suna koro mutanen Isan zuwa birnin nan su ja keken haya su yi dako.

Wanda ya fara tuhumar wannan hali da hujja shi ne Chit Phumisak, ɗalibin harshe da tarihi a Jami'ar Chulalongkorn, haifaffen 1930. A 1953 wasu ɗalibai 'yan'uwansa suka jefo shi daga kan dandamali saboda abin da ya shirya bugawa a mujallar jami'a. A 1957 ya fitar da littattafai biyu, ɗaya yana warware asalin tsarin darajar nan ta lamba da yadda ya ci talaka, ɗayan yana kafa hujja cewa fasaha domin rayuwa take, domin kuma jama'a, mai zane ko mawaƙin da ya kau da kai daga wahalar mutanensa ya riga ya zaɓi ɓangare ko bai sani ba. Da hafsan soja Sarit Thanarat ya ƙwace mulki gaba ɗaya a 1958 aka kulle Chit, ya yi shekara shida ba a same shi da laifi ba. Da aka sake shi ya shiga daji wurin 'yan gurguzu, aka harbe shi ran 5 ga Mayu 1966 a gefen wani ƙauye na jihar Sakon Nakhon, a cikin Isan, yana da shekara talatin da biyar. A waɗannan shekaru Amurka ta kafa sansanonin jiragen yaƙi a Udon da Ubon da Khorat da Nakhon Phanom, daga nan suke tashi su kai hari Biyetnam da Lawos.

Littattafan Chit sun kwanta har sai da ɗalibai da jama'a suka cika titunan Bankok ran 14 ga Oktoba 1973, aka kashe mutum 77 bisa ƙidayar hukuma, shugaban mulkin soja Thanom Kittikachorn ya bar ƙasa. Shekaru ukun da suka biyo baya su ne lokacin da masu zane suka yi magana a zahiri, ba kinaya. Chang Sae-tang, wanda bai yi makarantar fasaha ba, ya zana kansa an ƙwaƙule masa idanu an yanke masa hannuwa. Pratuang Emjaroen, wanda ya fara da zanen tallan silima, ya riƙa zana ƙwayar shinkafa da gumin manomi da bindigogi masu ruɓewa a tsakanin jajayen furanni. A 1974 aka kafa ƙungiyar masu fasaha ta ƙasa, wadda a Oktoban 1975 ta jera manya-manyan alluna a tsakiyar titin Ratchadamnoen, ɗauke da hotunan ma'aikata da manoma, ba sunan mai zane a jiki. A wannan shekara ta 1974 manoma su ma suka kafa tarayyarsu, suna neman a aiwatar da dokar rage kuɗin hayar gona. Sai aka shiga bin shugabanninsu ɗaya bayan ɗaya ana harbewa, cikinsu har da Intha Sribunruang, wanda aka kashe a Chiang Mai a Yulin 1975. Ƙarshen al'amarin ya zo ran 6 ga Oktoba 1976, dalilin da aka kafa kuwa hoto ne: ɗalibai sun yi wasan kwaikwayon rataye wasu ma'aikata biyu da aka kashe a Nakhon Pathom, wata jarida ta buga hoton aka ce mai wasan ya yi kama da yarima mai jiran gado, da asuba 'yan sanda da 'yan banga suka afka wa Jami'ar Thammasat. Hukuma ta ce mutum arba'in da 'yan kai suka mutu, waɗanda suka tsira suna cewa sun haura ɗari. Dubban ɗalibai suka shiga daji, ba su fito ba sai bayan afuwar 1980, yawancin allunan nan kuwa ba su tsira ba.

A ganina wannan bala'i ne ya mai da masu fasahar Tailan ga tsohuwar dabarar masu zanen bango, wato a faɗi magana ta bakin hikaya da kayan ƙauye, ta yadda mai kunne zai ji, mai neman laifi kuwa ya rasa abin kamawa. Ga shi kuma dokar ɓatanci ga sarauta tana nan, hukuncinta ɗaurin shekara uku zuwa goma sha biyar a kan kowane laifi guda. Montien Boonma, wanda ya yi karatu a Silpakorn da Faris sa'an nan ya koyar a Jami'ar Chiang Mai, ya ajiye fenti ya ɗauki abin da ke zube a gona: ƙasa, toka, ƙaiƙayi, fata, fartanya, kayan kamun kifi. A 1988 ya haɗa buhunan shinkafa da ƙaho da tattaka ya tsai da su a kan kujerun katako, suka zama ɓaunayen ruwa biyu irin waɗanda ake huɗa da su, a lokacin da injin huɗa ke korar dabbar daga fadamu, masana'antu kuma ke kwashe matasa daga ƙauyuka. Mu da buhunan shinkafar Tailan suka daɗe a kasuwanninmu, ya kamata mu san cewa a can wani ya dubi wannan buhu ya ga dabbar da ta yi wahalarsa da mutumin da ke bayanta. Bayan cutar daji ta kama matarsa, wadda ta rasu a 1994, Montien ya koma ga saiwoyi da ganyayen maganin gargajiya, yana gina ɗakuna masu ƙamshinsu. Shi ma cutar ce ta ɗauke shi a 2000.

Vasan Sitthiket, haifaffen Nakhon Sawan a 1957, bai da wannan sanyin hali. Ya ɗauko gidajen azabar da ke cikin wani tsohon littafi na duniyoyi uku, wanda ake dangana wa sarki Lithai na ƙarni na 14, ya zuba 'yan siyasa da hafsoshi da 'yan zuhudun ƙarya a ciki a jerin zanensa na 1991. Da soja suka sake buɗe wuta a kan jama'a a Mayun 1992, ya zana Buddha ya dawo Bankok ya tarar da abin da ta zama. Zanensa na da kaushi har yakan ƙetare haddi, ba kuma duka nake iya kallo ba, amma isnadinsa a bayyane yake, yana komawa kai tsaye ga bangon ƙauye.

Araya Rasdjarmrearnsook ta juya mas'alar ta wata fuska. A 2008 ta kai manyan kwafe na shahararrun zanen Turai, irin na Millet mai nuna mata uku suna kala a gona da na Van Gogh mai nuna manoma biyu suna barcin rana, ta kafa su a fili a karkara, ta zaunar da mutanen ƙauye a gabansu, ta ɗauki hotonsu ta baya suna kallo suna taɗi. Ba wanda ya gaya musu sunan mai zane ko tsadar aikinsa, don haka suka duba da idon waɗanda suka san sunkuyo da zafin rana, suna gardama a kan abin da mutanen hoton ke yi, suna dariya. Shekaru aru-aru ana zana manomi ana yanke hukunci a kansa; a nan shi ne alƙali.

Amma wanda ya kai wannan tafarki maƙura shi ne Apichatpong Weerasethakul, ɗan likitoci biyu, wanda ya tashi a Khon Kaen, yake aiki da fim da hoto mai motsi a ɗakunan baje koli. Ya san hannun hukuma, domin a 2007 masu tace fina-finai sun nemi ya yanke wurare huɗu daga wani fim nasa, da ya yarda aka nuna shi daga baya sai ya bar gurabun baƙi ƙirin, ba hoto ba sauti, don mai kallo ya san an cire wani abu. A 2008 ya tafi ƙauyen Nabua na jihar Nakhon Phanom, inda ran 7 ga Agusta 1965 aka fara musayar wuta tsakanin 'yan gurguzu da jami'an gwamnati. Soja sun mamaye ƙauyen wajen shekara ashirin, da duka da fyaɗe da kisa, har maza suka gudu daji, gari ya saura mata da yara. Yankin kuwa da ma yana da almarar fatalwar wata mace da mijinta ya mutu, mai sace maza. Imanin nan yana da ƙarfi a Isan har yau, domin idan samari suka yi ta mutuwa cikin barci, kamar yadda ya faru ga 'yan ci-ranin Tailan a Singafo wajen 1990, akan ga an rataya jajayen riguna a ƙofar gidaje, maza kuma su shafa jan farce don fatalwar ta zaci mata ne. Apichatpong bai tara tsofaffi ya ce su ba da shaida ba. Jikokin waɗanda suka gudu ya tara, samarin da ba a koya musu wannan tarihi a makaranta ba, suka gina wani kumbo na katako a tsakiyar fadamar shinkafa, suna kwana a ciki cikin jan haske, suna sa kakin soja, suna buga ƙwallo mai cin wuta da dare. Ya mai da garin zawarawa garin maza zalla, ya bar mai kallo ya tambayi kansa wace ce fatalwar da ta kwashe ubanninsu.

Daga wannan aiki ne fim ɗinsa na Kawu Boonmee ya fito, labarin wani manomi da ciwon ƙoda ya kusa kai shi, wanda matarsa da ta rasu ta zo ta zauna da shi a wurin cin abinci, ɗansa da ya ɓace kuma ya dawo a siffar biri mai jajayen idanu daga cikin daji. A tsakiya ga hikayar gimbiya da tarwaɗa, a gefe guda kuma majinyacin ya ambata, a taƙaice, cewa yana jin alhakin 'yan gurguzun da ya kashe ne ke binsa. Ba wanda ya san tarihin Isan da zai ga mutanen da suka shiga daji suka koma wata halitta ya kasa ganewa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa ran 23 ga Mayu 2010, kwana huɗu bayan soja sun tarwatsa zaman dirshan na masu zanga da ake kira masu jajayen riguna a tsakiyar Bankok, rikicin da ya ci rai wajen casa'in, da yawan masu zangar kuwa daga Isan da arewa suka zo.

Ba zan wuce ban ambaci kudu ba, inda Musulmi Malayawa suka fi yawa a jihohin Pattani da Yala da Narathiwat. Ran 25 ga Oktoba 2004, cikin watan azumi, jami'an tsaro suka tarwatsa masu zanga a garin Tak Bai, suka harbe bakwai, suka kama fiye da dubu, suka ɗaure su ta baya suka jibge su wani kan wani a manyan motoci zuwa barikin soja a Pattani. Kafin a isa, 78 sun cika. Bayan shekara goma Jakkai Siributr, mai aikin ɗinki da saƙa, ɗan Bankok kuma mabiyin Buddha, ya gina wani baƙin ɗaki mai kusurwa huɗu, ya jera gadaje hawa-hawa a cikinsa, a kan kowanne ya shimfiɗa farar riga, ya kuma ɗinka sunayen mamatan da haruffan Larabci. Allah ya jiƙansu. Wa'adin shari'ar ya cika a Oktoban 2024 ba a hukunta kowa ba. A Pattani ɗin kanta Jehabdulloh Jehsorhoh ya buɗe gidan fasaha domin matasan yankin su riƙa faɗin labarinsu da hannunsu, kada kullum sai wani ya zo daga birni ya faɗa musu.

Ga tuhumar da ta fi nauyi a kan duk zanen zamanin nan, kuma ban ga an gama amsa ta ba. Aikin da aka yi da buhun manomi ko da fatalwar ƙauyensa yakan ƙare a Bankok ko Singafo ko Jamus, a gidan mai kuɗi ko a ɗakin da manomin ba zai taɓa takawa ba, alhali dogon yadin Wetsandon a hannun mutanen gari yake kwana. Wasu sun nemi gyara. Daga 1992 zuwa 1998 masu fasahar Chiang Mai sun riƙa baje ayyukansu a haikalai da maƙabartu da tituna maimakon ɗakunan koli. Thanom Chapakdee, malamin jami'a mai sharhin fasaha, ɗan Isan, ya shirya wani taro a Oktoban 2018, ana tsakiyar mulkin sojan da ya hau a 2014, a cikin wani dogon bene da aka yi watsi da shi a Khon Kaen, a daidai lokacin da Bankok ke buɗe babban bikinta na fasaha da kuɗin manyan kamfanoni. Ya haɗa masu zane da mawaƙan gargajiya da ɗalibai da mutanen ƙauyukan da ke rigima da masu haƙar ma'adinai da madatsun ruwa, kowa ya kawo abin da yake da shi, ba kuɗin shiga. Jami'an tsaro suka riƙa zuwa suna duba abin da aka rataya. An sake yin irinsa a Ubon Ratchathani a 2020, shekarar da ɗalibai suka sake cika titunan ƙasar suna neman sabon tsarin mulki. Thanom Chapakdee ya rasu a 2022.